Shukar Ɗan Ciki

Shekara shida Haliru ya yi yana gadin ƙofa a wata tashar tauraron ɗan'adam can kudu. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka sallame shi, ya dawo Lambara gidan yayansa Attahiru da akwati ɗaya da baki cike da labari.

Ranar kasuwar Bodinga, in ka ji shi sai ka rantse shi ya raka Amurkawa duniyar wata. "Mu 'yan ciki," yakan ce, "kumbon da anka aika duniyar Zuhal, gabana anka amshi hotonai." Alhali iyakarsa bakin ƙofa, sai fa in an sa shi share kashin tsuntsaye a gindin ƙaton faifan tashar. Amma har a garin Shagari shayi ake saya masa. Ba shi da gona, ba shi da mata, wannan ɗan girman kaɗai ya mallaka.

Bara an yi fari. Ƙwarya ɗaya ta irin gero ta rage wa Attahiru, matarsa Tani ta ɓoye ta ko kunu ba a dama da ita ba.

Ran nan aka yi ruwan farko. Da safe Attahiru ya tona ƙasa da hannu kamar yadda aka saba, ya ga laima ba ta wuce gaɓar yatsa biyu ba. Mai hankali jira yake yi. Sai dai maƙwabta sun taru, wani ya ce, "Ga masanin sama nan, mi muka jira?"

Haliru ya ɗaga kai ya ƙura wa sama ido. "Ban sani ba" ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta.

"Hadarin ga na gane shi," ya ce. "Jibi ruwa na dawowa. Ku shuka."

Maƙwabtan suka yaba ƙwarai, kowa ya koma gida ya bar irinsa a rumbu. Attahiru kaɗai ya shuka, don kada a ce ya ƙaryata ƙanensa a gaban mutane.

Kwana goma sha tara ba ɗigo. Geron ya tsiro, ya ƙone.

Attahiru bai yi faɗa ba, abin da ya fi yi wa Haliru ciwo ke nan. Da damina ta kankama, Haliru ya tarar da yayan nasa, da furfurarsa, duƙe a gonar maƙwabci yana ƙwadago. Dattijon ya miƙe da ƙyar, ya dafe ƙugu.

"In mutane sunka tambaye ka," ya ce, "ka ce irin ne ba shi da kyau."