Direban Malama Basiratu

Muttaka mutumin Malumfashi ne, direba a wani kamfanin hayar motoci da ke Madinat Khalifa. Ya daɗe a Doha har ya daina buɗe taswirar waya, kuma ba a taɓa kai ƙararsa wurin mudir, shugaban direbobin kamfanin, ba. Abin da ba wanda ya sani shi ne, tun wajen azumin bara duniya ta fara tsukewa a idonsa.

Ba duhu yake gani ba, ba kuma ciwo yake ji ba. Abin da ke gabansa tar yake ganinsa, har lambar motar da ke can nesa yana iya karantawa. Gefe ne ya tafi. Yana cikin tuƙi sai ya ga ɗan babur mai kai abinci a hancin motarsa kamar daga ƙasa ya tsiro. A ɗakinsu na unguwar Old Airport, inda yake kwana da wasu 'yan Arewa masu aikin gadi, ya sha cin karo da murfin kabad, abokai suna dariya suna cewa barci bai sake shi ba. Ya taɓa shiga wani shagon tabarau a unguwar. Mai shagon ya daɗe yana leƙa idon da na'ura, sannan ya ce masa matsalarsa ba ta tabarau ba ce, ya je asibiti, kada ya yi wasa. Muttaka ya yi godiya ya fita, bai je ba.

Ya san abin da za su faɗa. Ƙanen mahaifinsa, Baffa Ɗalhatu, tela ne da ake ji da shi a kasuwar Malumfashi, kuma haka nasa ya fara. Ya ƙare makaho a kan tabarma a zaure, ana yanke shawarar gonarsa a gabansa ba a tambayarsa, baƙi suna gaishe shi da ƙarfi kamar kunnen ma ya tafi. Ga shi a nan lissafin a fili yake: in ido ya tafi lasisi ya tafi, in lasisi ya tafi ba kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo a ƙasar, da zai riƙe mutum. A gida kuwa akwai matarsa Rahma da yara, ga mahaifiyarsa. Sai ya koyi dabaru. Ya riƙa bin layin dama a hankali, yana juya kai hagu da dama a kowace mahaɗa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Da lokacin baje kolin littattafai ya zo, masu shirya taron suka ɗauki hayar motocin kamfanin don baƙinsu. Mudir ya kira Muttaka ya ce an samu baƙuwa mai jin yarensu, shi zai riƙa kai ta duk inda za ta. A ƙofar otal ya tarar da ita tsaye ita kaɗai, dattijuwa gajera mai faɗin fuska, da farar sanda a hannu. Sunanta Malama Basiratu, 'yar zangon Kumasi ce a Ghana. Da can malamar makaranta ce, ta makance tana da aure da 'ya'ya, daga baya ta rubuta littafi a kan rayuwarta. Shi ne aka gayyato ta ta yi magana a kai.

Da ya ga sandar sai ya tsaya cak. Ya so ya koma ya ce a canja shi, amma ba shi da dalilin da zai bayar.

Mace ce mai son hira, da Hausarta ta zango wadda ba ta raba mace da namiji. Ta tambaye shi garinsu da iyalinsa, ta ce ya riƙa faɗa mata abin da suke wucewa, in gini ne ya faɗi tsawonsa, in teku ne ya faɗi launinsa. Wayarta na yi mata magana da wani irin sauri da shi ba ya kama ko kalma ɗaya. A bayan mota akwai kwalin littattafanta, wasu na takarda da hotonta a bango, wasu manya masu kauri da ba rubutu a cikinsu sai ƙananan ƙuraje da ake shafawa da yatsa. Shi yake ɗaukar kwalin ya kai mata rumfa, kuma kullum sai ya kau da kai daga gare shi. Wani lokaci hannunsa ya taɓa ɗaya daga cikin masu ƙurajen, ya janye kamar ya taɓa garwashi.

A rumfar akwai wasu marubutan irinta. Akwai wani Basudane kurma da ke sa hannu a littafinsa yana ta dariya da hannuwa, da wata Balarabiya a keken guragu da mutane suka yi wa layi. Malama Basiratu ta ce masa ya zauna ya saurari jawabinta, akwai kujera. Ya ce zai je ya duba mota. Ya koma ya zauna a bayan sitiyari, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan, yana auna abin da ya rage.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yan Ghana mazauna Qatar suka shirya mata walima a wata gona da ke Umm Salal. Ƙanenta Abdul-Hakim, wanda ke aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Doha, ya riga su tafiya da tukwanen abinci. Muttaka ya ɗauko ta suka kama hanyar arewa. Rana ta take, kwalta na ƙyalli, hasken yana shiga idonsa kamar allura. Malama tana ba shi labarin yadda mai buga littafin ya so ya cire babin da ta zagi wani likita, ita kuma ta ƙi.

Sun bar babban titi sun shiga wani shataletale. Muttaka ya duba hagu, ya ga ba kowa, ya saki burki. Sai wani ƙaho ya tsaga iska, tankar ruwa ta cika gilashin gabansa gaba ɗaya. Ya take burki da dukkan ƙarfinsa. Motar ta yi ƙara ta karkace, tankar ta wuce har iskarta ta girgiza su, direbanta ya leƙo yana ɗaga hannu yana faɗa. Sandar Malama ta faɗi ƙarƙashin kujera, goshinta ya bugi bayan kujerarsa.

Ya ja motar ya fita daga shataletalen. Ya fara cewa direbobin tanka ba su da hankali.

"Ka sauka gefen hanya," in ji ta.

"Malama, mun kusa, ga gonar can."

"Na ce ka sauka. Ka kashe mota."

Ya gangara kusa da katangar wata gona, inda dabinai suka ɗan yi inuwa, ya kashe. Ba abin da ake ji sai injin da ke hucewa. Ta lalubo sandarta ta ɗora a cinya.

"Wanne ne ya fi lalacewa, na hagu ko na dama?"

Ta ce tun ranar farko ta lura. In yana mata magana muryarsa ba ta zama wuri ɗaya, tana tafiya hagu ta dawo dama, don kansa ba ya tsayawa. Yana taka burki inda ba dalili, kuma duk abin da ya kwatanta mata na gabansa ne, bai taɓa cewa ga wani abu a gefenmu ba. Ta ce ta yi shiru ne tana fatan ba haka ba ne, amma tanka ba abar da mai ido zai rasa gani ba ce.

"Na hagu," ya ce. Wannan ne karo na farko da maganar ta fita daga bakinsa. Sai ga sauran ta biyo baya, mai shagon tabarau, Baffa Ɗalhatu, lasisi, yara. Ya roƙe ta don girman Allah kada ta gaya wa masu taron. Ya ce zai ƙara kula, zai riƙa tafiya a hankali, saura kaɗan ta koma gida.

"Ƙanena, ni makauniya ce, amma ina son raina," ta ce. "Ba zan ƙara taku ɗaya da kai a bayan sitiyari ba. In na tafi ma, wa za ka ɗauka gobe? Mai ciki? 'Yan makaranta?"

Ta kira Abdul-Hakim ta ce ya samo wanda zai kawo shi, ya zo ya ja motar, direbanta ba ya jin daɗi. Muttaka ya kifa kai a kan sitiyari. Gani yake komai ya ƙare a wannan gefen hanyar. Har ya hango kansa a filin jirgin Kano da jaka ɗaya, wani yana riƙe masa hannu.

Suna jira zafi ya fara cika motar, ta ce ya sauke gilasai. Ba ta lallashe shi ba. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, makanta ba daɗi, ta yi shekara ba ta fita ƙofar gida ba, akwai ƙawayen da har yau ba su dawo ba. Amma ta ce a duk littafin nata babin da ya fi ba ta wuya ba na makantar ba ne, na kafin ta ne, lokacin da take kwana tana tashi da abin a ciki ita kaɗai. Ta ce Basudanen nan da Balarabiyar, da ta sa aka karanta mata nasu littattafan, kowa da irin wannan babin, kuma kowa a nan ya fi daɗewa.

"Baffanka ya je asibiti?"

Ya ce a'a, tofi aka yi ta yi masa da kwalli.

"Ni na je, amma na makara. Kai har yanzu kana karanta lambar mota. Me kake jira?" Sai ta ƙara da cewa, "Matanka ya sani?"

Ya girgiza kai, sai ya tuna ba ta gani, ya ce a'a.

Abdul-Hakim ya iso a motar wani abokinsa, ya karɓi makulli bai yi tambaya ba. Muttaka ya koma kujerar gefe. Rabonsa da zama a nan har ya manta. A gonar mutane suka yi ta ɗora masa shinkafa da wake da miyar yaji, bai ci ko loma ba. Daga inda yake zaune yana jin Malama tana karanta musu wani wuri daga littafin, yatsunta na gudu a kan takarda, mata suna dariya a inda ya kamata a yi dariya. Ya yi mamakin yadda akwai abin dariya a ciki.

Ranar Lahadi Abdul-Hakim ya raka shi asibiti, don yayarsa ta ce ba za ta hau jirgi ba sai ta ji sun je. Aka sa Muttaka ya kafa haɓa a wata na'ura, aka ce ya danna maɓalli duk sanda ya ga ɗigon haske. Ya daɗe yana jira bai ga komai ba, alhali yana jin na'urar tana aiki, gumi ya jiƙa masa riga. Likitar ta ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, na hagu ya yi nisa, amma na dama akwai sauran alheri, in ya riƙe maganin ɗigawa safe da yamma ana iya tsare shi shekaru masu yawa. Tuƙi kuwa, ta ce, khalas, ya ƙare ke nan. Ta ƙara da cewa ciwon yana bin jini, a duba 'ya'yansa da 'yan'uwansa.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi tsaya masa. Bai taɓa kawo yaran a ransa ta wannan fuskar ba.

Ya kai wa mudir takardar asibiti da hannunsa. Mudir ya karanta, ya yi faɗa sosai, ya ce da ya kashe baƙuwar mutane fa? Daga baya ya huce, ya ce akwai gurbi a garejin kamfani, wurin karɓar motoci da ba da makullai, albashin bai kai na tuƙi ba, kuma ba ya alkawarin komai bayan kwantiraginsa ya ƙare. Muttaka ya karɓa.

Wani direban ne ya kai Malama Basiratu filin jirgi. Kafin ta tafi ta tura masa littafin a waya, wanda ta karanta da muryarta. Ya yi kwanaki bai buɗe ba. Ranar da ya buɗe, a lokacin hutun azahar a gareji, ya saurari kaɗan ya kashe, don ta fara ne da ranar da ta kasa ganin ɗalibin da ke ɗaga hannu a gefen aji. Washegari ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A makon ne ya kira Rahma. Ya yi ta kewaye-kewaye, yana tambayar ruwan sama da lafiyar Inna, har ta ce masa, "Baban Aishatu, faɗi abin da ka kira ka faɗa." Ya faɗa. Abin da ta fara tambayarsa shi ne ko yana ɗiga maganin a kan lokaci, sannan ta ce me ya sa sai yanzu take ji. Ya gaya mata batun yaran, ta ce za ta kai su asibitin ido a Kano, ranar da ba makaranta.

Ranar da suka tafi Kano, ya ba direbobi biyu makullan da ba nasu ba. Wayar na aljihun gaban rigarsa, kowace ƙara sai ya ciro ta ya duba. Sai bayan la'asar Rahma ta kira daga tashar mota. Ta ce ƙananan lafiya lau. Aishatu ce likita ya ce a riƙa kawo ta duk shekara, ba don ya ga ciwo ba, don dai a sa ido. Muttaka ya tambaya ko yarinyar ta tsorata. Rahma ta ce ina, tana nan tana rigima sai an saya mata rake kafin mota ta tashi.