Baƙin Salatif a Jif ɗin Maigandi

Girman kai iri-iri ne. Mafi munin cikinsu shi ne na mutumin da ya riga ya gane ya yi kuskure, amma ya gwammace kuskuren ya cinye shi da a ji bakinsa ya furta. Wannan halin ne ya kai Maigandi ƙasa.

Maigandi ɗan Tsaskiya ne ta ƙasar Safana, amma sayen gero da gyaɗa ya zaunar da shi a Batsari. Su uku uwarsu ta haifa: Jafaru ne babba, sai Baiwa, sai shi. Da mahaifinsu ya rasu ya bar shanu tara da gonaki, ba a raba ba, Jafaru ke riƙe da komai a gidan gado. A cikin shanun akwai bijimai biyu na huɗa, waɗanda duk damina su ke buɗe gonakin gidan kafin na kowa.

Shekarar da gyaɗa ta yi wa Maigandi kyau, ya shiga Katsina ya ga wata ƙaramar jif a wajen wani dilan motoci, ruwan toka, 'yar Kwatano, tana sheƙi kamar ba a taɓa hawanta ba. Yaran dilan suka kira shi Alhaji, shi da ko filin jirgi bai taɓa takawa ba, kuma bai gyara musu ba. Ya dawo Tsaskiya ya ce a raba gado. Rabonsa ya zo shanu huɗu da gonar tudu, ya kafe sai an haɗa masa da bijiman huɗa, don su ne masu tsoka.

Jafaru ya ce, “Maigandi, ɗauki saniya biyu a madadinsu. Waɗannan su ke ciyar da gidan nan.”

“Yaya, zamanin bin gindin sa ya wuce.”

“Hanyarmu ba ta mota ba ce. Babur ya ishe ka.”

“Hassada dai ba ta yi ba, Yaya.”

A gaban mutane ya faɗi haka, a ƙofar masallaci. Jafaru bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ɗauke su. Ranar da ka ga ba daidai ka yi ba, ka zo ka faɗa mini da bakinka. Ba zan tambaye ka komai ba bayan wannan.” Daga ranar ba su ƙara gaisawa ba, sai dai abin da Baiwa ta ɗauko daga wannan ta kai wa wancan.

Maigandi ya sayar da shanun da gonar, ya sayo jif ɗin. Motar ta yi wata guda lafiya. Ranar wata Alhamis, yana dawowa daga Karare da buhu biyu a baya, sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a allon gaban sitiyari. Motar ta fara shessheƙa, in ya taka ta sai ta yi jim kafin ta amsa, kamar jakin da aka tasa daga inuwa. Dilan ya ba shi takardar garanti ta wata shida, da sharaɗin kada wani bakanike ya taɓa ta sai nasu. Don haka ya lallaɓa da ita har Katsina.

Babban bakaniken wurin, wani mai suna Sufyanu, ya jona mata kwamfuta, ya duba, ya ce, “Alhaji, ƙaramin abu ne. Na'urar da ke auna iska ce ta gaji. Ka dawo jibi.” Jibin ya zama kwana goma sha ɗaya. Ya karɓo ta, fitila ta mutu, ya yi sati biyu yana yawo gilas a sauke. Sai fitila ta dawo. Wannan karon Sufyanu ya ce giya ce, aka riƙe ta sati uku. Karo na uku aka ce waya ce ɓera ya ci. Karo na huɗu motar ta soma shan ruwa, kullum da safe sai Maigandi ya ɗura mata buta guda, ya waiga ko wani na kallo.

A Batsari kuwa, duk wanda ya tambaya ina jif, amsa ɗaya ce: “Tana sabis. Irin waɗannan manyan motocin ba a wasa da sabis ɗinsu.” Matarsa Zuwairatu kaɗai ke ganin yadda yake dawowa daga Katsina a motar haya, ya sauka tun kafin tasha, ya biyo ta lungu.

Ta ce masa, “Malam, ka mayar musu da abarsu mana. Ka je ka ba Yaya Jafaru haƙuri, Ya Baiwa ta ce ƙafafunsa sun fara kumburi.”

“Zan je. Amma a cikinta zan je, ta tsaya a ƙofar gidansa tana aiki, ya gani da idonsa.”

“To in ya gani, sai me?”

Zancen gaskiya, Maigandi na son wansa. Tun da ya ji labarin kumburin nan bai ƙara cin tuwo da daɗi ba, ya san akwai magana a wuyansa da ba ya so ɗayansu ya mutu da ita. Yana so ya nemi gafara, amma yana so ya nema daga cikin mota mai lafiya.

A zuwa na biyar Sufyanu ya daɗe a ƙarƙashin motar, ya fito yana goge hannu. Ya ce, “Alhaji, yau dai mun kama ɓarawon. Famfon da ke zagaya ruwa a injin ne ke yoyo. Babu irinsa a Katsina, babu a Kano, mun aika Legas.”

“Haka kuka ce wancan karon, kun kama.”

“Wancan ma ɓarawo ne, wannan ubangidansu ne. Ka bar ta nan.”

“Ba zan bar ta ba. Mutane sun fara magana.”

Sufyanu ya kawo takarda ya sa shi ya dangwala hannu cewa da kansa ya ɗauke ta. Ya nuna masa allon da yatsa. “Wannan ruwan ɗorawar za ta yi ta ci, rabu da ita. Amma akwai wata ja a gefenta. Muddin ka ga ja ta kama, ko a tsakiyar kasuwa kake, kashe injin. Kuma kada ka kai ta hanyar ƙauye.”

Maigandi ya ce ya ji. A hanyar dawowa ya rage wa wani abokin cinikinsa hanya, mutumin ya leƙa ya ce, “Wannan wutar fa? Ko ita ma sabis take nema?” Ya yi dariya har da buga cinya. Da Maigandi ya isa gida ya sayi baƙin salatif, irin na masu gyaran wuta, ya yanko faffaɗa ya manne fitilar. Allo ya koma baƙi wuluk, hankalinsa ya kwanta. Bai lura ba faɗin salatif ɗin ya haɗa har da gurbin jar.

Bayan kwana tara, cikin tsakiyar damina, an kwana ana ruwa, da hantsi Baiwa ta bugo waya. Muryarta a dushe.

“Maigandi, in kana da abin faɗa wa Yaya, ka taso yanzu. Ba anjima ba. Shi ya ce a kira ka.”

Maƙwabcinsa Surajo, magidanci mai sana'ar acaba, yana ƙofar gida yana goge babur. Zuwairatu ta leƙa ta zaure ta faɗa masa, ya tayar nan take. Ya ce, “Hau, Malam Maigandi. Na san inda ruwa ya ci hanya, zan bi da kai ta gonaki. Ko sisi ba na so.”

Maigandi ya dubi babur, ya dubi jif. Ya tuna maganar ƙofar masallaci, babur ya ishe ka. Ya ga kansa yana sauka a bayan wani, wando duk taɓo, mutanen Tsaskiya na zaune a dakali.

“Na gode, Surajo. Ina da abin hawa.”

Zuwairatu ta ce, “Malam, don girman Allah ka hau babur ɗin nan.”

“Kawo mini buta.”

Ya ɗura wa motar ruwa. Ya ga taɓo a jikin ƙofa, ya tsaya ya wanke. Ya shiga ya sako babbar riga.

A kan kwalta motar ta yi tafiya kamar ba ita ba, har ya soma shirya abin da zai ce. Zai durƙusa, ya kama ƙafar Yaya, ya ce ya yafe masa maganar hassada. Maganar shanu kuma sai ya ga yadda fuska ta ba da. Da ya sauka kwalta ya kama hanyar Tsaskiya, laka ta karɓe shi. Taya na juyawa a wuri ɗaya, yana ba ta wuta, injin na kuka. A ƙarƙashin salatif jar fitila ta kama, ta yi ta ci, ba mai gani. Wani wari kamar na ƙonannen tuwo ya shigo, ya ce a ransa taɓo ne ya taɓa salansa. Yana hawowa daga wani rafi sai tururi ya turnuƙe gaban motar, wani abu ya yi ƙara a ciki kamar an fasa tukunya, ta mutu.

Ya murɗa makulli, shiru. Ya ciro waya, babu sabis. Gero ya yi tsawo dama da hagu, ba gida ba bukka.

Can sai ga babur ya taho ta bayansa, ya nufi Tsaskiya, ba kowa a baya. Ɗanjuma ne, mai shayin bakin kasuwarsu, wanda ke tsaye a ƙofar masallaci ranar da aka yi maganar nan. Ya tsaya.

“A'a, Maigandi! Sannu da hanya. Lafiya dai? Ko ta ƙi?”

Wannan ce dama ta biyu da Allah ya ba shi. Maigandi ya jingina da motar ya ce, “Lafiya lau. Hutar da ita nake, ta ɗan sha iska. Yi gaba, ina bayanka.”

Ɗanjuma ya dubi tururin, ya dubi Maigandi, ya ce, “To, Allah ya kawo ka lafiya.” Ya wuce.

Maigandi ya ɗebo ruwan rafi da hularsa ya zuba wa motar, ruwan ya zube ta ƙasa. Ya sake murɗawa har batir ya mutu. Sai da rana ta take tsaka sannan ya tattare babbar riga a kafaɗa ya kama tafiya da ƙafa, daga baya ya koma gudu, takalmi ɗaya ya maƙale a laka bai tsaya ɗauka ba.

An yi azahar kafin ya hango garin. A bakin gari ya haɗu da maza suna tahowa a jere daga yamma, wasu da fartanya, wasu da shebur, ƙafafunsu duk jar ƙasa. Mutum biyu na ɗauke da makara, tabarma a naɗe a cikinta. Liman ya tare shi ya riƙe hannunsa.

“Maigandi, sai haƙuri. Mun jinkirta iyakar abin da ya halatta. Ɗanjuma ya ce kana bayansa. Hadari kuma ya taso, ba a ajiye mamaci.”

A cikin gida Baiwa na zaune a ƙofar ɗakin Jafaru. Ba ta yi kuka da ta gan shi ba. Ta dubi ƙafarsa marar takalmi.

“Sau uku yana jin ƙarar babur yana cewa, ga shi nan, ku ɗaga ni. Na ukun Ɗanjuma ne.”

“Babur? Ai ya san da mota zan zo.”

“Wace mota, Maigandi? Kowa a garin nan ya san motarka ta fi kwana a Katsina. Direbobin da kake hawa motarsu kana sauka kafin tasha, ba nan suke zuwa cin kasuwa ba? Yaya ya sani tun karon farko. Shi ya hana kowa ya yi maka zancen. Ya ce a bar ka, za ka zo.”

Maigandi ya zauna a ƙasa. Da ƙyar ya ce, “Ya Baiwa, ya ce ya yafe mini?”

“Na tambaye shi. Ya ce maganarku ba ta aike ba ce, da bakinsa zai faɗa maka.”

Bayan addu'ar uku aka je ɗauko motar. Tarakta ba ta iya shiga wurin, sai bijiman huɗa na wani manomi aka ɗaura mata, suka ja ta har bakin kwalta. A Katsina Sufyanu ya buɗe injin ya ce ya ƙone, sai dai wani. Ya zauna a kujerar direba, ya sa farce ya ɓare salatif ɗin, ya ɗaga shi sama, sannan ya ciro takardar da Maigandi ya dangwala wa hannu ya ajiye su tare a kan tebur. Garanti ya ƙare a nan. Ranar ba wanda ya kira shi Alhaji. Famfon ruwan kuwa ya iso daga Legas bayan sati biyu.

Ga abin da Maigandi ya rasa. Shanu huɗu, har da bijiman da ke buɗe gonakin gidansu, wanda ya sa a daminar ƙarshe ta rayuwarsa Jafaru ya yi noma da fartanya da kumburarrun ƙafafu. Gonar tudu. Motar kanta, da ke zaune yau a kan duwatsu a bayan garejin dilan. Sallar gawar wansa, da ko tafin ƙasa ɗaya a kabarinsa. Da kuma maganar da Jafaru ya ajiye masa a baki, wadda aka rufe tare da shi.