Zaren 'Yar Fari

A shekarar da Baturen Gona ya shirya nunin amfanin gona a Makarfi, matarsa ma ta ce ba za a bar ta a baya ba. Aka yi shela ƙauye-ƙauye cewa 'yan mata su kawo zaren da suka kaɗa da hannunsu, wadda nata ya fi kyau za a ba ta madubi. Baturiyar nan tun da aka haife ta ba ta taɓa riƙe mazari ba, amma ita ce alƙaliya.

Hajo matar Lado, ta Gubuchi, ba ta so zuwa ba. Surukarta Iya Mero ce ta tasa ta gaba, ta ce a raka Luba. Luba kuwa 'yar farin Hajo ce, don haka ba ta taɓa kama sunanta ba, daga "ke" sai "waccan". Ba ta yabonta, ba ta wasa da ita a gaban mutane. Haka duk mace mai kunya take yi. Amma ta san irin wahalar da yarinyar ta sha, kullum tana gindin rumbu, yatsu fari fat da alli, tana jan zare siriri kamar yanar gizo. Ta ƙofar madafi Hajo take satar kallonta.

An kewaye wa mata wuri da zana. Baturiya ta bi layi tana taɓa zare ɗaya bayan ɗaya, Malam Uwaisu tafinta na biye da ita, cike da Turancin da ya kwaso a Zariya ya rasa inda zai sauke shi. Da ta zo kan na Luba sai ta tsaya, ta ɗaga shi a rana, ta yi magana.

"Ta ce ina uwar yarinyar nan?" in ji Uwaisu.

Mata suka turo Hajo gaba.

"Ta ce zaren ya yi kyau da yawa. 'Yarki ce ta kaɗa shi da kanta?"

Hajo ta ji duk idon Gubuchi a bayanta, ga surukarta a tsaye. Ta kau da kai ta ce, "Waccan? Me ta iya? Ni dai ban san ta da wani kaɗi ba."

Mata suka yi dariya, Iya Mero ta gyaɗa kai, don an amsa yadda ya kamata. Uwaisu ma ya san abin da ake nufi sarai, shi kansa ɗan fari ne. Amma yana so Baturiya ta ga ba ya zubar da ko kalma ɗaya, sai ya juyar mata da maganar yadda take, har da kau da kan. Baturiya ta tsuke baki, ta ajiye zaren kamar ta taɓa kayan sata. Ta miƙa madubi ga Jamila 'yar Safiyatu maƙwabciyar su Hajo, wadda zarenta ya isa a ɗaure akuya da shi.

Luba ba ta yi kuka ba. Ta bi su har gida, ta shige ɗakin kakarta ta juya fuska bango.

Masu ba da haƙuri suka yi ta zuwa, kowa da irin nasa shirmen. Lado ya leƙa ya ce, "Haba uwata, a kan madubi? Ranar kasuwa sai in sayo miki wanda ya fi shi." Ta ce to. Ya tafi gona yana ganin ya gama gyara duniya. Wata baba ta ce ai kayan Turawa ba albarka, alhali da safe ita ta fi kowa kutsawa ta ga madubin. Iya Mero kuwa ta nufe ta da wasan jika.

"Ke 'yar nan, da wannan hancin me za ki gani a madubi? Allah ne ya rufa miki asiri."

Hajo na bakin rumbu tana tankaɗe, tana jin su.

"Ba madubin ba ne, Iya," in ji Luba. "Cewa ta yi ba ta san ni da kaɗi ba."

"Sakarya, ai haka ake yi."

"Na san haka ake yi. Amma gaskiya ta faɗa. Ko sau ɗaya ba ta taɓa duba zarena ba."

Rariya ta tsaya a hannun Hajo. Ta so ta shiga, ƙafarta ta ƙi. Me za ta ce, da wane baki?

Washegari da hantsi sai ga Safiyatu wai ta zo jaje, Jamila na biye da ita rungume da madubi kamar jariri. Mata biyu uku suka biyo su don kada a ba su labari.

"Sannu Hajo, ya muka ji da haƙuri? Ai yaro sai a hankali. In kina so, ki riƙa turo ta wurin Jamila ta nuna mata yadda ake riƙon mazari."

Hajo ta ajiye taɓarya. Ba ta san muryarta tana da ƙarfi haka ba.

"Jamila ce za ta koya wa Luba kaɗi?"

Iya Mero ta dafe ƙirji.

"Eh, Luba na ce! Kullum ina kallonta daga madafin nan. Na ga ranar da zare ya yi ta tsinke mata har ta yi kuka ta share ta sake ɗauka. Duk Gubuchi ba mai hannunta, har ni da na haife ta. Ku je ku yi ta kallon kanku a madubi, in ya so ku kira tafintan ya fassara muku abin da kuka gani."

Safiyatu ta ja 'yarta suka fita, sauran matan suka bi su da sauri, kowace na rige-rigen kai labari.

"La ilaha illallahu," in ji Iya Mero. "Sunanta gatsal, a bainar jama'a? Hajo, yau kin kwance mana zane a garin nan."

Hajo ta ɗauki tulu. Ta san kafin ta kai rijiya an riga an iya kwaikwayonta. Ta kai bakin zaure ke nan ta ji taku a bayanta. Luba ce, ɗauke da guga, ido duk ya kumbura.

"Da gaske kin ga ranar da ya tsinke?"

Hajo ba ta waiwaya ba. "Ke, yi sauri. Rana na yi."

Amma ta rage tafiya har yarinyar ta iso gefenta, suka fita tare.