Saƙon Tavaro a Mita Sittin

Kwana shida ke nan da guguwa ta bi ta kan tsibirin Tavaro, kwana shida kuma Norm Camilleri bai san ko 'yarsa Leanne tana da rai ba. Ita ce ungozomar ɗan asibitin tsibirin, can a ƙurewar tsibiran Solomon, inda jirgin ruwa ke zuwa sau ɗaya a wata in ya ga dama. Waya ta mutu. Ofishin da ya tura ta aiki kullum amsarsu ɗaya, ana kan bincike, a ƙara haƙuri. Norm ya yi ta ƙara haƙurin har ya daina cin abinci.

Hanya ɗaya ta rage. Gidan rediyon tsibiran ya dawo aiki da janareto, awa ɗaya tak a yini, daga shida zuwa bakwai na yamma, a gajeren zango, mita sittin, lamba 5020. Bayan labarai sukan karanta saƙonnin da ƙauyuka suka aiko ta oba-oba: wa ya rasu, wa ya tsira, ina ake neman shinkafa da magani.

In dai gajeren zango ne kuwa, duk garinsu na Bowen babu na biyun Norm. Shekara arba'in da uku yana farautar tashoshi a ɗakin ajiyar bayan gidansa. Su goma sha ɗaya ne a ƙungiyarsu, tsofaffi zalla, a warwatse daga Cooktown har Hobart, kowa da lambar da yake so kamar 'yar autarsa. Ta Norm ita ce 9545, lamba ta biyu ta wannan gidan rediyon na tsibirai, wadda a kwanakin lafiya take shigowa tangaram kamar mai maganar yana zaune a gefenka. Aikinsu dai ɗaya ne, su ji tasha ta faɗi sunanta, su rubuta lokaci da ƙarfin sauti, su murɗa su yi gaba. Daga nan a aika wa tashar wasiƙa, ita kuma ta aiko da katin shaida, a sa a kwalin takalmi. Ka tambayi ɗayansu me tashar ta ce, sai ya dube ka sheƙeƙe kamar ka tambaye shi nauyin iska.

Yamma biyu a jere Norm ya zauna a ɗakin nan bai tsinci komai ba sai ƙara. Maƙwabcinsa ya kewaye dawakinsa da waya mai lantarki, ga na'urorin hasken rana a kan kowane rufi a layin, duk sun taru sun toshe mita sittin. A yamma ta biyu matarsa Carmel ta shigo ɗakin, abin da ba ta yi ba tun Leanne tana goye.

"Shekara arba'in na bar maka wannan tarkace," in ji ta. "Na ci abincin dare ni kaɗai, na je bikin mutane ni kaɗai. Yau rana ɗaya da zai yi mini amfani, shi ne za ka ce mini ƙara?"

"Ba laifin rediyon ba ne, Carmel. Garin ne ya cika da..."

"To fitar da shi daga garin mana, tsohon nan! Ko a ƙasa aka dasa shi?"

Washegari da la'asar suka loda rediyon da batirin mota da ƙullin wayar eriya mai tsawon mita ɗari uku a bayan a-kori-kura. Suka biya ta rumfar da ake shirya mangwaro a kwali suka ɗauki Selina, wata 'yar tsibiran da ke aiki a wurin. Dole a ɗauke ta, don saƙonnin da Pijin ake karanta su, yaren tsibiran, wanda Norm ya shekara arba'in yana shiga kunnensa amma bai riƙe abin da ya wuce gaisuwa ba. Ita ma tana da nata a ciki. Ƙanenta Patteson shi ne malamin jinya a ɗan asibitin Tavaro, su biyu ne kawai ma'aikatan wurin, shi da Leanne. Leanne ce ta haɗa su da ita lokacin da Selina ta zo aikin mangwaro, tun daga nan kowace Lahadi a teburinsu take cin abinci, tana kiran Carmel Mama.

A bakin teku, nesa da fitilun gari, Norm ya ja wayar bisa yashi yana nufar arewa maso gabas. Gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, ya faɗi sau biyu, bai ko kaɗe jikinsa ba. Ya dawo yana haki, ya ɗora rediyon a ƙofar bayan motar, ya haɗa batir. Ƙarfe shida saura kwata. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, don in nan ma ba ta shigo ba, bai san inda zai ƙara zuwa ba.

Shida ta yi, babu komai sai shuuu. Shida da minti goma wata murya ta fara tasowa daga ƙarƙashin ƙarar, ta nutse, ta sake tasowa.

"Ita ce?" in ji Carmel.

"Ita ce. Ku saurara, haka take yi, ta tafi ta dawo. In ta nutse kada kowa ya taɓa komai. A ƙirga goma, za ta dawo da kanta. Da rana ta ƙara yin ƙasa za ta yi ƙarfi."

Selina ta kafa kunnenta a jikin lasifikar, ta rufe ɗayan da tafin hannu. Aka gama labarai, aka sa waƙar coci, sannan wata mata ta fara karanta saƙonni a hankali, tsibiri bayan tsibiri. Selina tana fassarawa da guntu-guntu. Wancan ƙauye ba wanda ya rasu amma rijiya ta cika da ruwan gishiri. Wancan an rasa kwalekwale uku da mutum biyar. Carmel ta riƙe gefen motar da hannu biyu, sauro yana cizonta ba ta ma ji.

Bakwai saura minti goma sha biyu Selina ta ɗaga yatsa.

"Tavaro. Mama, Tavaro ce! Ta ce coci ya tsaya, mutane suna ciki. Makaranta ta rushe. Asibiti... rufin asibiti ya faɗo." Ta ƙara manna kunnenta. "An rasa ɗaya cikin ma'aikatan. Wanda ya rage shi ya aiko da saƙon nan. Ana sanar da iyalan..."

Muryar ta nutse.

Norm ya san za ta dawo. Shi ya faɗa da bakinsa, ba a yi awa ɗaya ba. Amma sabo turken wawa. Shekara arba'in da uku, duk lokacin da mita sittin ta nutse masa, hannunsa kan tafi 9545 ba tare da ya nemi izininsa ba, don can ta fi fitowa. Kafin ya ƙirga uku yatsunsa sun danna, sun murɗa. A 9545 babu kowa. Tun ranar guguwar ba a ƙara kunna ta ba, shi ma ya sani, shi ya rubuta wa 'yan ƙungiya haka.

"Me ka yi?" Carmel ta daka masa tsawa. "Norm, me ka yi? Mayar da ita!"

Ya murɗa, ya wuce lambar, ya dawo baya, ya sake wucewa. Da ya daidaita a 5020 muryar matar tana nan garau, ta fi kowane lokaci fitowa, tana bayanin buhunan shinkafar da za a kai wani tsibiri daban. Suka tsaya a kanta har bakwai, ko za a maimaita. Ba a maimaita ba. Aka sa taken ƙasa, janareto ya mutu, shuuu ya dawo.

Garin neman gira an rasa ido. Carmel ba ta zage shi ba, da ma ta zage shin da ya fi masa sauƙi. Ta zauna a kan yashi kawai, tsohuwa mai shekara saba'in, ta miƙe ƙafafu kamar ƙaramar yarinya.

Norm ya zaro wayarsa yana ɗingishi yana neman inda sabis zai kama. Clive na Cooktown, ɗan ƙungiyarsu! Clive yana da eriyar da ta fi ta kowa a ƙungiya, kuma Norm ya roƙi dukansu su zauna a kan 5020 yau.

"A'a, Norm, kai ne?" in ji Clive. "Na kama maka ita, mutumina. Tun shida da minti huɗu, kafin tsohon gwangwaninka ya farka. Ƙarfi huɗu cikin biyar, ba ta nutse mini ko sau ɗaya ba."

"Clive, don Allah, saƙon Tavaro. Sun faɗi suna. Wane suna suka faɗa?"

Clive ya gyara murya.

"Ai... ka san ba na jin yaren nan."

"Suna ne, Clive! Suna ba ya buƙatar yare! Camilleri ka ji, ko ba ka ji ba? Ka naɗa?"

"Na naɗa wurin da ta faɗi sunan tashar," in ji Clive, muryarsa ta yi ƙasa. "Daƙiƙa ashirin. Daga nan na leƙa mita casa'in in ga ko mutanen Papua sun fito. Norm, wallahi na ɗauka so kake a tabbatar maka tana shigowa."

Ya kira mutum huɗu bayansa. Kowa ya kama ta, kowa ya ba shi lokaci da ƙarfin sauti daidai, har da wanda ya ƙara masa da bayanin yanayin sama. Babu wanda ya zauna har saƙonni. Norm bai iya jin haushinsu ba, don da 'yar Clive ce, da abin da zai yi ke nan.

Ya dawo wurin motar, rana ta faɗi, sauran ja kaɗan a kan duwatsu. Selina tana zaune kusa da Carmel, ta rungumo kafaɗarta tana cewa, "Gobe za su sake, Mama. Sukan sake wani lokaci. Gobe ni zan riƙe rediyon." Ita ma hawaye ne ke zuba a fuskarta, amma ita ke lallashi.

Norm ya juya musu baya. Ya durƙusa a kan gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ya dafa tayar motar. Rabonsa da addu'a tun ranar da aka yi wa Leanne baftisma. Bai shirya kalmomin ba, fitowa suka yi da ƙarfi, yadda mutum ke ihu in ya taka ƙaya.

"Ya Ubangiji, kada ta zama ita. Ka sa ɗayan ne. Don girmanka ka sa ɗayan ne."

Sai da ya faɗa sau uku kafin ya ji abin da yake roƙo, da kuma wadda take jinsa. Ya ɗago kai. Carmel ta sunkuyar da nata, ba ta ce amin ba, ba ta kuma ce masa ya yi shiru ba. Selina ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan a hankali ta zare hannunta daga kafaɗar Carmel ta ɗora a cinyarta.

"Ba komai, Baba," in ji ta. "Ni ma tun ɗazu abin da nake roƙo ke nan."