Giɓin Mainasara

Duk wanda ya yi noma a Yako a shekarun da ake tara dalar gyaɗa a Kano ya san Mainasara. Kafin wani ya kai ƙarshen kunya ɗaya shi ya juyo ta uku. Ga shi ɗan dambe. A fagen damben ne aka fitar masa da haƙora biyu na gaba, amma wanda ya fitar ɗin sai da aka sheƙa masa ruwa tulu guda kafin ya gane garinsu.

Wata damina yana huɗa a gonarsa, inda shanun Fulani suka zauna da rani suka bar masa taki, sai guntun wani tsohon turke ya soke shi a tafin ƙafa. Ya yi abin da ya ga ubansa da kakansa suna yi: ya damƙi ƙasar gonar ya cusa a ramin. Jini ya tsaya, ya ƙarasa aikinsa, har ya taya maƙwabci.

Kwana takwas bayan nan ya zauna cin tuwo, baki ya ƙi buɗuwa. Washegari wuya ya sandare. Ko taɓarya aka buga a turmi sai jikinsa ya banƙare kamar baka. Dattawa suka leƙo, suka ce sarƙe-haƙora ce, ba su taɓa ganin wanda ya tashi ba. Ƙanensa Shitu ya ce to yanzu za su gani. Ya ɗora shi a jaki har bakin hanya, shi da Saudatu matar Mainasara suka tare motar gyaɗa zuwa asibitin Kano.

Malamin asibiti ya duba ƙafar, ya tambayi me aka saka. Da ya ji, sai ya yi musu bayani irin na manoma. Ya ce cutar tana da iri, ido ba ya ganinsa, yana kwance a ƙasa, musamman mai taki, shekara da shekaru, rana ba ta kashe shi. Ba ya son iska, shi ya sa sai ya samu rauni mai zurfi da aka toshe yake tsirowa, dafinsa ya bi jijiya ya ɗaure mutum. Wato Mainasara da hannunsa ya yi shuka, har ya rufe.

Aka wanke ramin, aka yi masa allurai, aka kwantar da shi a ɗakin da babu haske babu hayaniya. Malamin ya ce allura za ta yi nata, amma jinyar doguwa ce, kuma in ba abin da ke shiga ciki, yunwa za ta riga dafin.

Saudatu ta tsaya tana kallon haƙoran nan da suka cije kamar an sa ƙusa. Sai idonta ya kai kan giɓin. Ta dama kunu ruwa-ruwa, ta tace, malamin ya nuna mata yadda za ta karkata kansa kada ya ƙware. Ɗigo ɗaya, ta jira ya haɗiye, ɗigo ɗaya. Ludayi guda yakan ci mata rabin hantsi.

"Maigida," ta ce masa a hankali, "shekara bakwai ina yi wa giɓin nan gori. Ashe ƙofa ka tanada."

Mutumin da ba a taɓa faɗa masa ɗaya bai rama da uku ba, ranar sai ido kawai ya juya.

A kwana na ashirin da shida haƙora suka saki, faɗin yatsa ɗaya. Saudatu ta matso da kunne ta ji abin da zai fara faɗa.

"Kunun nan naki ya cika ruwa."

Ta ajiye ludayin, tana dariya hawaye na zuba, ta ce wa Shitu ya je ya nemo tuwo, yayansa ya dawo da halinsa.

Kakar wannan shekarar Shitu ne ya cire masa gyaɗa, ta shekarar da ta biyo baya kuwa da kansa ya yi. Tun daga lokacin ba ya fita gona sai da gorar dafaffen ruwa da guntun sabulu. In ya hango wani ya yanke yana shirin damƙar ƙasa, sai dai mutum ya ji an riƙe masa hannu. Kuma duk Yako babu mai iya ƙwace hannu daga riƙon Mainasara.