Zobban Tabkin Korgom

Ranar da aka binne matata Habsatu ina Tasawa wurin aron littafi. Kafin in iso Korgom an yi ruwa mai yawa, tabki ya cika ya hau maƙabarta. Da ya janye, ƙasa ta koma sumul, babu tudun kabari ko ɗaya.

Na tambayi Jaji, wanda ya yi haƙan. Ya ce kusa da bakin ruwa suka sa ta, kuma a ranar ruwan yana lasar saiwar gawon da ke ƙetare. Iyakar abin da ya riƙe ke nan, mutumin da ke tuna launin kowace akuya da ya taɓa sayarwa.

Tabki idan yana janyewa yakan bar zobba na laka da ciyawa, ɗaya cikin ɗaya. Na daɗe ina kallonsu. Sai na rufe nahawu, na fito da ɗalibaina, manya masu gemu, na zana musu zobban a rairayi.

Na ce, "Ruwan da ke kwance ba ya karkata. Wanda ya bi zobe ɗaya bai hau ba, bai sauka ba. Inda zobba suka matsu, gangaren ya miƙe tsaye. Inda suka saki jiki, ƙasa ta kwanta."

Na Allah, babbansu, ya ce, "Gafarta Malam, wannan a wane littafi yake?"

"A wanda ba za ka iya barci a kansa ba."

Da suka iya, muka fara daga saiwar gawon da hantsi, suna kafa kara a kan zoben da ya taɓa saiwar, wato inda bakin ruwa yake ranar binnewa, balbelu na tashi gabanmu. Ruwan ya yi fari har ba a gane inda sama ta tsaya. Nakan ga kamar zoben gefen zanen Habsatu ne, tana jansa a gaba kaɗan, ba ta waiwaye. Zoben ya ratsa gindin maƙabarta daga wannan gefe zuwa wancan, ya kewaya, ya maido mu gawo.

Na Allah ya ce, "Malam, mun komo inda muka taso. Me muke nema ne?"

Na wuce ta gefen kabarinta, wannan na tabbata, ban dai san a wane taku ba. Addu'a tana isa ko daga ina, na kuwa yi ta. Amma abin da matafiyi ke faɗa a ƙofar ɗaki ba a faɗa wa fili shi: Habsatu, na dawo.