Sawu Biyu na Alli

Tun hantsi Muhyiddeen yake kokawa da gangunan nan a ƙarƙashin rumfar gidan yayarsa a Umdurman, ga shi har an sallame azahar, abu ya ƙi zama. Da la'asar Ustaz Ashafa, shugaban ƙungiyarsu, zai iso da sauran makaɗa a yi gwajin ƙarshe, gobe Alhamis kuma akwai bikin aure a unguwar Abbasiyya. Ustaz kuwa ya riga ya faɗa masa a gaban kowa, ba tare da ɗaga murya ba: "Ya waladi, ɗana, in kiɗanka ya sake ja da baya, zan kunna gangar cikin ogan."

Ogan ɗin nan, Allah ya isa! Akwati ne mai maɓallai, ka danna ɗaya ya kama buga ganga da kansa, ba ya gumi, ba ya neman shayi. A shekarun nan makaɗan ganga nawa ya mayar gida a Khartoum? Muhyiddeen ya san huɗu da sunansu. Ɗaya yana tallan ƙanƙara a tashar Mayo, kusa da gidan su Muhyiddeen, kullum sai sun gaisa.

Abin da Ustaz bai sani ba, ƙafa ce. Shekara uku da suka wuce sojoji sun tare motar haya a bakin gada, suka sauke duk wani saurayi, aka kwashe su zuwa kudu hidimar dole. Muhyiddeen ya dawo da ransa, alhamdulillahi, amma da gutsuren ƙarfe a idon sawun dama. Tafiya a hankali cikin doguwar jallabiya tana rufa asiri. Feda ce ba ta rufawa. Minti goma yana taka fedar babbar ganga sai ƙafar ta mutu murus, bugu ya fara makara. Bai gaya wa kowa ba, don ya tabbata ranar da aka ji, ranar za a ce masa ya je ya huta.

Shi ya sa ya roƙi abokinsa Nasidi da ke aiki a Jidda ya aiko masa da tagwayen feda: feda biyu da sandar ƙarfe ta haɗa, kowace da gudumarta, duk a kan ganga ɗaya. A can waje don gudun bugu ake sayenta. Shi dai so yake in dama ta mutu, hagu ta karɓa ba wanda ya ji. Yau da safe a gada wani soja ya zaro sandar daga buhu, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce mene ne wannan. Muhyiddeen ya san irin mugun kallon da ake yi wa makaɗi a wannan zamani, sai ya ce kayan keken ɗinki ne. Sojan ya wurga masa abarsa.

To ga feda ta tsallake gada, amma ta ƙi zama a gida. Babbar ganga dole ta fuskanci jama'a sak, domin a fatar gabanta Ustaz ya rubuta sunan ƙungiya da hannunsa, da jan fenti da ruwan zinariya, kuma shekara goma sha ɗaya ba a taɓa karkatar da ita ba. Da ya ɗaura fedar a haka, sai ta hagu ta faɗa daidai wurin ƙafar faifan tagulla, waɗannan biyun masu kifuwa da juna. Ya tura faifan gefe, hannu ya kasa kaiwa. Ya jawo ƙaramar ganga, ta daki gwiwarsa. Ya ɗaga kujera, ya sauke kujera. Duk yadda ya yi sai ya tarar da kansa a murɗe kamar wankin da ake matsewa, ƙugu na ciwo, ƙafar hagu na laluben feda tana taka ƙasa.

Ya dubi inuwar katanga. Ta fara tsawo. Wallahi tsoro ya kama shi sosai, har sandunan kiɗa suna santsi a hannunsa.

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya a ɗaki. Yayarsa Awadiyya ta fito da tef ɗin awo a wuya, ta riƙe ƙugu.

"Muhyi, gyara kake yi ko rushe mini gida?"

"Yaya, ki bar ni don Allah. Ba ki san kan abin nan ba."

"Ni? Shekara ashirin ina taka feda da ƙafa biyu, kai jiya-jiya ka samu ta biyun. Tashi. Kwashe tarkacen nan duka daga kan dardumar."

"Lokaci fa, Yaya!"

"Ka ɓata rabin yini da dabararka. Ba ni minti goma da tawa."

Ya kwashe, yana ƙunƙuni. Ta bar kujerar kaɗai a tsakiya. Ta ce ranar da babansu ya fara koya mata ɗinki a shagonsa na Kasuwar Umdurman, bai bar ta ta taɓa keke ba. Zaunar da ita ya yi, ya ce ta rufe ido ta saki ƙafafu su sauka inda suka ga dama, sannan ya jawo keken ya kawo musu.

"Zauna. Rufe ido. Kar ka gyara zama, na ce saki jikinka."

Ya saki. Ya ji ta durƙusa, ya ji allin tela yana zagaya ƙafarsa ta hagu, ƙiii. Sai ta koma ta dama, allin ya tafi, ya tsaya. Ya buɗe ido. Sawun hagu ya fito cikakke, yana kallon gaba. Na dama ya baje can gefe, kuma ba shi da diddige, domin diddigen bai taɓa ƙasa ba.

Awadiyya ta daɗe tana kallon zanen. Ta ɗago, idonta ya cika.

"Wata takwas da dawowarka, Muhyi. Ni ma ka ɓoye mini?"

Ta share ido da bakin mayafi, ta ja hanci, ta ce cikin faɗa, "To me kake jira? Ɗora fedojin a kan zanen."

Ya ɗora kowace feda a kan sawunta. Ƙaramar ganga ta shige tsakanin gwiwoyinsa ba ta taɓa ko ɗaya ba. Faifan tagulla ya tsaya dab da fedar hagu, ƙafa na zamewa daga wannan zuwa wancan. Ya buga kaɗan. Kai! Bayansa a miƙe, kafaɗu a sake, rabonsa da irin wannan zama tun kafin kudu. Sai ya leƙa gaba. Babbar ganga ta bi ƙafar dama ta karkace, sunan ƙungiya yana kallon randar ruwa a kusurwar gida.

Ana cikin haka aka yi sallama. Ustaz Ashafa ya shigo da farin rawani, mai gita da mai sarewa suna biye ɗauke da ogan. Ya gaida Awadiyya, ya juyo, ya tsaya cak.

"Wa ya juya mana suna yana gaida randa?"

Aka yi dariya. Ustaz ya sunkuya ya kama bakin gangar zai miƙar da ita. Muhyiddeen ya san in ta miƙe, zaman ya lalace, minti goma kuma maɓalli zai maye gurbinsa. In ya hana, sai ya faɗi dalili. Ya ɗora tafinsa a kan gangar ya danne.

"Ya Ustaz, a bar ta haka."

"Na'am?"

Ya ɗage jallabiya, ya tuɓe safa. Tabon ya fito, baƙi, a lotse. "Daga kudu na zo da shi. Ba ta wuce minti goma. Na ji tsoron in kun sani za ku sallame ni."

Ustaz ya dubi tabon, ya dubi layin allin da ya leƙo daga ƙarƙashin feda. Bai ce sannu ba. Ya je ya jona ogan, ya zauna, ya ce, "Kiɗan tumtum. Waƙar amarya, har ƙarshe, ba tsayawa."

Waƙar nan ta fi minti ashirin. Muhyiddeen ya ɗauka. Yana bugu yana kallon ɗan yatsan Ustaz, wanda ya kwanta kusa da jan maɓallin gangar ogan bai matsa ba. A baiti na huɗu zafin ya taso, idon sawu ya yi nauyi, yatsun suka daina jin feda. Ya ce bismillahi a ransa, ya zame ƙafar hagu daga faifai zuwa sabuwar feda. Dum. Dum-dum. Gumi na shiga masa ido, bai ko share ba, har sarewa ta ja dogon numfashin ƙarshe.

Ustaz ya ɗauke hannu daga ogan.

"Baitin ƙarshe, da wace ƙafa ka buga?"

"Da hagu, ya Ustaz."

"Tun daga ina?"

"Tun na huɗu."

Ustaz ya gyara rawaninsa. "Ban ji wurin da suka yi musanya ba." Ya juya wajen Awadiyya da ke tsaye a bakin ƙofa tana murɗa tef ɗin awo a yatsa. "Hajiya, kar a share dardumar nan, kar a kaɗe ta. Da ita za mu tafi gobe."

Mai gita ya nuna gangar. "Sunan fa, ya Ustaz?"

"Wanda yake son karantawa ya zagayo ta gefe."